Sai Gero Ya Nuna

Ranar da Sarai ta fara ganin Filemon, haushinsa ta ji.

Tun hantsi ta kafa kyamararta a gefen titin Magama, tana son ɗaukar layin manyan motocin da ke jiran tsallakawa zuwa Maraɗi. Sau biyu tana danna maɓalli, sau biyu wani dogon saurayi mai riga duk baƙin mai yana ratsawa ta gabanta da batir a kafaɗa. A karo na uku ta ɗaga murya ta tambaye shi ko bai ga ana aiki ba ne.

"Na gani sarai," in ji shi.

Ta yi turus, tana mamakin inda ya san sunanta. Shi kuwa bai san komai ba. Ya nuna mata tirelar da ta juya wa baya, ya ce yanzu zai tayar da ita, kuma direban da baya zai fara. Kafin ta gama tattara wayoyinta ya ajiye batirin, ya ɗauke mata ƙafafun kyamarar ya kai inuwar rumfarsa. Da ta faɗa masa abin da ya sa ta yi turus, ya yi dariya har direbobin da ke shan shayi suka waiwayo.

Sarai 'yar shekara ashirin da uku ce, tana ajin ƙarshe a sashen nazarin fim na wata jami'a a Jos. Shekara uku ta yi tsakanin ɗakin lacca da fili. Da safe a karantar da su tarihin sinima da dalilin da ya sa ake yanke hoto a nan ba a can ba, da yamma a miƙa musu kyamara a ce su je su gwada. Yanzu saura abu ɗaya ta gama, fim na gaskiya mai tsawon minti ashirin da biyar, wanda za ta miƙa kafin ƙarshen watan Agusta. Shi ya dawo da ita gida Jibiya a tsakiyar bazara.

Filemon kuwa mai gyaran wayarin ne na manyan motoci. Direbobin Najeriya da na Nijar duk sun san rumfarsa, in ana magana da shi sai a ji yana cakuɗa Hausa da guntun Faransanci. Kirista ne kamar ta, sai dai cocin ƙauyensu yake zuwa a can yankin Kusa, shi ya sa ba su taɓa haɗuwa ba.

Kwana tara ta yi tana zuwa Magama. Ta ɗauki motoci, ta ɗauki buhunan masara da jarkoki, ta ɗauki shanun da ake lodawa. Kullum rumfar Filemon ce masaukinta, can take cajin batir, can take shan ruwa. Shi ya fara ce mata Darakta. Ita kuma ta rama da Injiniya.

Da ta tura wa malamarta Dakta Safara'u abin da ta tara, amsar ba ta yi mata daɗi ba. Malamar ta ce hotunan sun yi kyau, amma mota ba ta magana, kuma har yanzu ba ta ga mutum ɗaya da za a zauna minti ashirin da biyar dominsa ba.

Ranar Sarai ta kasa zama. Ta tashi, ta zauna a kan benci, ta sake tashi, tana zagaya rumfar tana tauna murfin biro. Filemon ya bar ta har ta gaji, sannan ya ce in mutum take nema, akwai mahaifinsa. Sunansa Baba Zaki. A duk unguwarsu shi kaɗai ya rage da bai shiga coci ba bai kuma shiga masallaci ba, yana nan kan abin da ya gada. Maƙwabta da yawa sun tashi sun koma gari saboda rashin kwanciyar hankalin daji, shi ya ce ba inda za shi.

Washegari suka tafi. Filemon ya goya ta a babur ɗinsa, ɗan kabu-kabu ya ɗauko Glory, 'yar ƙanen mahaifin Sarai, wadda ke riƙe mata sandar makirufo. Glory mawaƙiya ce a coci, ta kuma daɗe da sanin Filemon a tarukan matasa. Tun a hanya Sarai ta lura Glory ta ɗaure fuska, amma ba ta kawo komai a ranta ba.

Sun tarar da tsohon yana gyara ƙotar fartanya a ƙofar gida. Ya daɗe yana kallon kyamarar. Sarai ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayanin komai kamar yadda aka koya musu, cewa ba a ɗaukar mutum sai da yardarsa, kuma yana da ikon cewa a tsaya duk lokacin da ya so.

"Ɗiyata, ki ɗauka," ya ce. "Amma abin ga kowa ba ya ganinai sai na gani da idona. An daɗe ana yi mani dariya, ban so a ƙara."

Ta yi masa alkawari a gaban ɗansa.

Daga nan aiki ya kankama. Sukan fita da sassafe su dawo kafin la'asar, don ba a son yamma ta yi wa mutum a wannan hanya. Sarai ta ɗauki hannuwan tsohon yana zaɓar iri, ta ɗauki hirarsa a bakin rumbu. Da ruwan farko ya sauka ya kira su gindin wata tsamiya a ƙarshen gonarsa. Ya zuba gumba a ƙasa, ya yanka jan zakara, ya kira sunayen iyayensa da kakanninsa ɗaya bayan ɗaya yana roƙon damina mai albarka da lafiyar hanya. Sarai ba ta bari kyamara ta motsa ba.

Da ta isa gida ranar ta tarar da saƙo.

"Darakta, yau na ga kina aiki har na manta ubana ake ɗauka. Ke nake kallo. In laifi ne ki yanke shi wajen tacewa."

Ta karanta ya fi sau biyar kafin ta amsa.

"Injiniya, wannan ba ya yankuwa. Ni ma na gan ka ta gefen ido, saura kaɗan ka ɓata mini hoto."

"To gobe in tsaya ina?"

"Kusa da ni."

Ba a yi sati uku ba maganar ta kai kunnen mahaifinta. Malam Hezekiah tsohon malamin firamare ne, dattijo a ikkilisiya, mutum mai sanyin magana. Shi ya tsaya mata ta karanta fim lokacin da dangi ke cewa karatun banza ne. Amma da ta faɗa masa Filemon na son turo magabatansa, sai fuskarsa ta canza. Ya ce ba shi da abin faɗa a kan yaron, an shaide shi da kirki. Gidan ne ba ya so. Daga irin wannan gida shi ma ya fito. Yana ɗan shekara sha bakwai aka yi masa baftisma, ranar kuma mahaifinsa ya watso masa tabarmarsa waje, bai sake yi masa magana ba har ya mutu.

"Na san abin da na baro, Sarai. Ba zan ɗauke ki da hannuna in mayar da ke can ba."

Ta ce Filemon Kirista ne. Ya ce ya sani, amma ai a gidan ubansa yake kwana, can kuma zai ajiye mata.

Mahaifiyarta Mama Jinƙai ta ba ta shawarar ta yi haƙuri ta gama karatu tukuna. Sarai ba ta iya haƙuri ba. Abinci ma a tsaye take ci. Ta duƙufa kan tacewa, ta rufe kanta a ɗaki da laftof, tana yanka tana haɗawa, tana aika wa Filemon saƙo duk bayan awa ɗaya. Shi kuma yana kwantar mata da hankali, yana cewa Baba Malam zai sauko.

Wata Laraba ta tura saƙo uku ba amsa. Da azahar sai ga bidiyo ya shigo daga wayarsa, ba gaisuwa ba komai.

Ta buɗe. Baba Zaki ne a gindin tsamiya da zakara a hannu, daƙiƙa arba'in kacal. An ɗauke shi da waya daga fuskar laftof ɗinta, an ɗora masa kiɗan barkwanci, an rubuta a ƙasa wai har yanzu akwai masu hira da itace a Jibiya.

Saƙonsa ya biyo baya.

"Duk direbobin Magama sun gani. Har Maraɗi an turo mini. Ranar kasuwa an bi shi ana yi masa carar zakara, bai san dalili ba sai yau. Ke kika yi masa alkawari, ni na kawo ki. Kada ki kira ni yanzu, Sarai."

Sunanta da ya rubuta ya fi komai yi mata ciwo. Ta kira sau goma sha ɗaya bai ɗauka ba.

Ba ta sha wahalar gano wanda ya yi ba. Mutum ɗaya ta taɓa bari da laftof a buɗe, ranar da Mama ta aike ta kai niƙa. Glory ta fara musu, da Mama Jinƙai ta zaunar da ita sai ta fashe da kuka. Ta ce ƙawarta ɗaya kawai ta tura wa, ba ita ta sa kiɗan ba. Ta ce shekara biyu tana jiran Filemon ya dube ta, Sarai ta zo cikin kwana tara ta ɗauke shi. Ta so ne a ga irin gidan, ko maganar ta mutu.

Malam Hezekiah ya yi wa Glory faɗan da bai taɓa yi wa kowa ba. Sai dai a kan auren ya ƙara tsayawa, ya ce yanzu duk gari ya ga abin da yake gudu.

Kwana huɗu Sarai tana rubuta wa Filemon saƙo tana gogewa. Ta so ta ce ba ita ba ce. Amma duk lokacin da ta rubuta haka sai ta tuna da abin da Dakta Safara'u ke nanata musu tun aji biyu, cewa wanda ya ɗauki hoton mutum amana ya ɗauka, kuma amanar ba ta ƙarewa don an kashe kyamara. A rana ta biyar ta tura wannan:

"Glory ce ta ɗauka, amma ni na bar shi a buɗe, ni na yi alkawari. Ba na neman ka yafe mini yanzu. Gobe da safe zan je wurin Baba in nuna masa fim ɗin gaba ɗaya. In ya ce a goge, a gabansa zan goge."

Bai amsa ba. Ta hau kabu-kabu ita kaɗai da jakarta a baya. Da ta isa ta ga babur ɗinsa a jingine a jikin danga.

Baba Zaki ya amsa gaisuwarta a taƙaice. Ta durƙusa ta faɗi abin da ya faru ba ta rage komai ba, sannan ta ɗora laftof a kan turmin da aka kifa a cikin zaure. Filemon na tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannu, bai dube ta ba.

Tsohon ya kalli minti ashirin da biyar ɗin har ƙarshe. Ya ga hannuwansa, ya ji muryarsa. Wurin tsamiya ya zo ba kiɗa, sai kukan tsuntsaye da sunayen iyayensa. Da hoton ya ɗauke ya daɗe yana kallon baƙin gilashin.

Sarai ta ce masa ga wurin gogewa, kalma ɗaya take jira. Ya tambaye ta in an goge mi za ya samu karatunta. Ta ce sai ta sake shekara.

"Ban ce ki goge ba," in ji shi. "Amma bai ƙare ba. Kin nuna roƙo, ba ki nuna abin da aka roƙa ba. Wanda ya ga yanka bai ga gero ba, dole ya ce tsoho ya haukace. Ki bari sai gero ya nuna, ki zo ki ɗauki girbi. Sannan ki kai ma malamanku."

Girbi sai Oktoba. Ranar miƙa aiki saura sati biyar. Sarai ta san abin da hakan ke nufi, 'yan ajinsu za su gama su tafi bautar ƙasa su bar ta. Tana da sa hannunsa a takardar yarda tun farko, ba wanda zai hana ta miƙawa a haka. Ta ji Filemon ya gyara tsayuwa a bayanta.

"To, Baba. Sai gero ya nuna."

A hanyar komawa Filemon ne ya goya ta. Sai da suka hango rufin kwanon Jibiya ya tsayar da babur a gefen hanya, ya kashe, ya ce mata ya san abin da ta sadaukar yau. Ya ce a kwana biyar ɗin nan, don rashin natsuwa, ya haɗa wayar fitila da ta ham a motar wani Bamaraɗe, har mutumin ya tambaye shi ko lafiya.

"Ki yafe mini shirun da na yi, Daraktata."

Ta kifa goshinta a bayansa ta yi kukan da ta riƙe tun Laraba.

Dakta Safara'u ta saurari bayaninta ta waya har ƙarshe. Ta ce doka doka ce, sakamakonta zai jira zango mai zuwa. Sannan ta ƙara da cewa a shekarunta na koyarwa ɗalibai kaɗan ne suka kira ta da irin wannan dalili, ta je ta ɗauki girbinta da kyau.

Watanni biyu da rabi suka yi wa Sarai tsawo. Tana ganin hotunan 'yan ajinsu a waya sun sa fararen riguna ana yi musu rubutu a jiki, sai ta kife wayar. Kullum tana tambayar Filemon ko gero ya fid da kai, ko ya fara ido. Ranar da ruwa ya ɗauke na kwana goma sha biyu ta fi manoman shiga damuwa. A gida kuma ba a sake tayar da maganar aure ba, ita da mahaifinta sai gaisuwa.

Gero ya nuna. Ta ɗauki girbi, ta ɗauki dammuna ana jerawa, ta ɗauki Baba Zaki yana ware na maƙwabtan da suka gudu gari ba su samu yin noma ba. Ta tace, ta kai masa ya gani, ya gyaɗa kai.

Ana jibi za ta koma Jos, da yamma bayan an ci abinci, ta ajiye laftof a kan teburin mahaifinta. Ta ce ba don maganar aure ba, shi ya biya mata wannan karatu, ya kamata ya ga abin da ta koyo. Ya sa tabarau ya zauna kamar mai duba jarrabawa.

Wurin tsamiya ya kawar da kai. Amma can gaba akwai inda muryar Sarai ta tambayi tsohon yadda ya ji da ɗansa tilo ya bar hanyarsa. A cikin hoton Baba Zaki ya yi murmushi, ya ce ranar da za a yi wa Filemon wankan coci shi ya raka shi da ƙafa, ya zauna a waje har aka gama, suka dawo tare.

"Hanyatai daban, tawa daban. Amma ɗana ne. In na kore shi, wa na kora?"

Malam Hezekiah ya ce ta mayar da wurin baya. Ta mayar. Ya sake ji, ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya tashi ya shiga ɗaki bai kalli sauran ba.

Sarai ta tafi Jos ba ta san matsayinta ba. Tana cikin ɗakin tace fina-finai na sashensu, kwana uku bayan nan, saƙon Filemon ya shigo.

"Daraktata, zauna kafin ki karanta. Baba Malam ya zo gidanmu da kansa a kan babur. Sun shiga zaure shi da Baba tun hantsi, har fura aka kai musu sau biyu. Da zai tafi ya ce in turo magabatana ranar Asabar."

Ba ta zauna ba. Ta fita da gudu har ta bar takalminta ɗaya a ƙarƙashin tebur.

An nuna fim ɗinta a babban ɗakin sashen a watan Nuwamba, malamai uku suka yi mata tambayoyi na kusan awa ɗaya, ta ci da sakamako mai kyau. Glory ta je har Kusa tare da mahaifinta, ta durƙusa ta nemi gafarar Baba Zaki, ya ce ya wuce. Sarai ta ɗan jima kafin ta iya sakin jiki da ita, amma da aka zo rabon ankon biki ta aika mata da nata.

An ɗaura auren a cocin su Sarai a Jibiya, Asabar ɗin da ta biyo bayan Kirsimeti. Direbobin Magama suka jera motoci uku a bakin titi suna ta ham, 'yan zumuntar mata suka cika harabar da waƙa da kiɗan tulu. Baba Zaki ya zo da farar riga sabuwa. Bai shiga ciki ba, aka sa masa kujera a inuwar baranda. Ana tsakiyar sujadar ɗaurin auren Malam Hezekiah ya bar wurin zaman dattawa, ya ɗauko tasa kujerar ya fito ya zauna kusa da shi.

Da ango da amarya suka fito, wurinsu suka fara zuwa suka durƙusa. Malam Hezekiah ya ɗora musu hannu ya yi addu'a cikin sunan Yesu, tsohon ya sunkuyar da kai har aka gama. Sannan ya juya ya ce wa Baba Zaki saura shi.

Baba Zaki ya kama hannun Sarai ya sa cikin na ɗansa.

"Allah shi ba ku zaman lahiya. Rumbunku kada shi bushe, ƙofarku kada ta rufe ma baƙo. Abin da kuka haifa, duk hanyar da ya bi, ku riƙe shi."

Malam Hezekiah ne ya fara cewa amin.